Gurbin Lamba Goma

Zuwa ga 'yata Lamba Goma,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ya aiki, ya marasa lafiyarku na asibiti? Allah ya ba su sauƙi, ku kuma ya ba ku ladan jinya. Mu nan lafiya lau, in ban da gwiwata ta hagu da ke ba ni labarin ruwan sama kwana biyu kafin ya sauko. Uwargidana, Gwaggonki, na gaishe ki. Ta ce in gaya miki kin rame a hoton da kika aiko. Ni ban ga rama ba, amma ɗan aike ba ya gardama.

Kada ki yi mamakin ganin takarda. Kin san kunnena ya yi ritaya tun kafin ni. Ranar da kika bugo waya na yi ta cewa "to, madalla", ashe tambayata kike wane magani ne ya ƙare. Shi ya sa na koma hanyar da na iya, in rubuta in ba Direba mai motar kayan nan, ya miƙa miki in ya shigo muku da kaya.

Babanki yana nan da sauƙi irin na masu shanyewar ɓarin jiki. Wata tara ke nan yana ɗakina na bakin ƙofa, mai tagar nan da ke kallon titi. Yana ci, yana barci. Hannun dama dai yana kwance a cinyarsa kamar baƙon da bai san kowa a gidan ba. Magana kuwa kalma uku suka rage masa: "to", "a'a", da "shashasha". Ta ukun tawa ce ni kaɗai. Tun muna yara yake kirana da ita, kakanmu ɗaya, ba ni da inda zan kai ƙara. Ciwo ya kwashe masa sunan kowa, ya bar masa zagina. Na gode Allah da ban ɓace masa ba.

To, ga abin da ya sa na ɗauki biro. Mai shagon da babanki ke gyaran babura ya buƙaci wurinsa, sai muka kwaso kayan. Jan akwatin ƙarfen nan mai durowa biyar yanzu yana rumfata, kusa da tarin bututuna. Da na buɗe shi sai na ga shimfiɗar da ke cikin durowoyin, fatar nan, ta yi baƙi ƙirin, ta sha mai na shekara arba'in, duk ta lotsa, wari kamar cikin injin. Na ce a raina, ni mai gyaran famfo ne, ban iya gyaran jijiya ba, amma ai na iya sabunta wa ɗan'uwana akwati. In ya gan shi fes, ƙila zuciyarsa ta motsa.

Sai dai zaɓen shimfiɗa ya fi zaɓen suruki wuya. Tsohon bargo yana da laushi, amma yana shan raɓa ya shayar da ƙarfe, sai tsatsa. Kwali yana jiƙewa da mai ya zama kamar ɗanyen burodi. Soso irin na katifa shekara ɗaya ya fara marmashewa. Ledar tsakar ɗaki santsi gare ta, kana tura durowa sifanu su ruga baya gaba ɗaya kamar awaki sun ga kura. Kafet yana ɓoye garin ƙarfe ya soki mutum a yatsa. Akwai wata sabuwar roba mai ƙananan ramuka da na gani a kasuwa, shuɗiya, mai sayarwa ya ce ko ƙwai ka ɗora ba ya gangarawa. Ita ce ta kwanta mini.

Ban tambayi babanki ba, don so nake in ba shi mamaki. Ke da kika tashi a gindin akwatin nan, me kika gani? Ki ba Direba amsa.

Baffanki mai famfo.

*

Zuwa ga Baffa,

Wa'alaikumus salam. Na sami takardarka yau da hantsi, kuma yau nake amsawa, ina zaune a benci a ƙofar ɗakin motsa gaɓoɓi kafin a turo mini mutum na gaba. Lafiyata ƙalau. Ka ce wa Gwaggo ramar ta mai hoton ce. Ka gaishe mini da gwiwarka, ka ce ta riƙa ba manoma labari ba kai kaɗai ba. Allah ya saka muku da alheri kan ɗawainiyar Baba. Tun rasuwar Inna ban san inda za mu sa kanmu ba in ba don ku ba.

Baffa, don Allah kada ka taɓa fatar nan. Kada ka wanke ta, kada ka kankare ta, ko goge ta ma kada ka yi. Lotsawar da ka gani ba lalacewa ba ce. Kowane ƙarfe ya kwanta wuri ɗaya shekara arba'in har ya haƙa wa kansa gurbi. Baba bai taɓa kallon durowa ba in yana aiki. Kansa na cikin injin, hannunsa ya je ya dawo da abin da yake so. Aikina ke nan kullum, in kama hannun da ya shanye in lallashe shi har ya tuna. Hannu ba ya tuna sabon abu da sauri, amma yana tuna hanyar gida. Ka kai akwatin bakin gadonsa, ka jawo durowar sama, ka ɗora hannunsa na dama a kai, ka bar yatsun su bi guraben nan. Wannan ya fi rabin abin da muke yi a nan da na'urori.

Akwai kuma abu guda a durowar ƙasa, ban sani ba ko ka lura. Ka san dalilin sunana: sifana lamba goma ita ce kullum ke ɓacewa a shago, ni ma haka, ana juya baya na sulale. Ina shekara shida na ji Baba na cewa duk ƙarfen da ke da gurbi yana dawowa gida. Sai na fashe da kuka wai ni ba ni da gurbi. Ya ajiye aikinsa, mai babur na tsaye yana jira, ya ɗora tafina a kan fatar ya zagaye da alli. Sannan ya ce in ɗaga, ya gasa ƙusa a wuta ya bi layin. Ya ce, "Ga gurbinki, Lamba Goma. Duk inda kika ɓace, nan za a neme ki." In ka ɗaga manyan sifanu za ka ga hannun, ɗan ƙarami, ƙaramin yatsan ya karkace don na motsa.

Robar nan mai ramuka ka bar wa mai ƙwai abarsa.

Hutu bai samu ba tukuna, ma'aikata sun yi mana kaɗan. Amma ka gaya mini gaskiya, kada ka lulluɓe mini komai: yatsun suna motsi ko kaɗan? Akwai alamar hannun zai dawo?

'Yarka, Lamba Goma.

*

Zuwa ga 'yata,

Assalamu alaikum. Muna lafiya, da fatan kina lafiya. Gwaggonki na gaisuwa.

Takardarki ta iso a makare ƙwarai. Kwana shida ke nan tana aljihuna ina juya ta, na fara amsa sau huɗu ina yagawa. Kin ce kada in lulluɓe miki, to ba zan lulluɓe ba. Babu sauran fata. Ni na jawo da hannuna, garin gyara. Ban iya haɗa ido da babanki yanzu, in na kai masa ruwa sai in kalli bango.

Ki yafe mini in za ki iya.

Baffanki.

*

Zuwa ga Baffa,

Wa'alaikumus salam. Ina lafiya, ko in ce jikina lafiya. Ka gaishe da Gwaggo.

Na karanta takardarka a tsaye a bakin ƙofar asibiti, Direba bai ko juya mota ba. Ban san takardar Baffa tana iya zama gajera haka ba. Tun daga gajartar na san babu lafiya.

Da farko ka cire wa kanka laifi. Na san ku, ƙila ka riƙa ja masa hannun, ko murzawa da man zafi, ko gasawa da tsumma. Wannan ba ya kashe hannu, Baffa. In likitan da ke duba shi ya ce babu sauran fata, to jijiyar ce, ba kai ba ne. Kai ka ba shi ɗakinka. In ana neman mai laifi, ga ta nan tana rubutu.

Na yi maka ƙarya. Hutu ya samu tun wata huɗu da suka wuce, mako biyu cur. Na haɗa jaka, na sayi sabulun da Baba ke so, na kai har bakin titi. Sai na dawo. Mako biyun nan na yi su a ɗaki ina wanke labule, na wanke na sake wankewa. Kullum ina kama hannun mutane, dattawa sa'o'insa, ina ce musu, "Baba, matse yatsana, yauwa, ƙara." Suna sa mini albarka, 'ya'yansu na cewa da ma su ne suka haife ni. Amma hannun da ya zagaye nawa da alli, na kasa zuwa in gan shi a kwance. A kaina har yanzu yana cikin injin, baƙi da mai, kuma muddin ban zo ba a can yake.

Ga wanda ya fi muni, ban gaya wa kowa ba. Da na karanta kalmomin nan uku, kafin kuka ya zo, wani abu ya riga shi. Na ji kamar an sauke mini kaya. Zuciyata ta ce, tunda babu fata, ashe rashin zuwanki bai hana komai ba. Numfashi ɗaya ne ya wuce, amma na ji shi, kuma na san watannin farko su ne hannu ya fi jin lallashi. Na fi kowa sani. Ni nake gaya wa dangin mutane haka.

Ko hannun ba zai dawo ba, ka kai masa akwatin. Ka jawo masa durowar ƙasa ya ga hannuna, tunda mai hannun ta gagara.

'Yarka.

*

Zuwa ga 'yata Lamba Goma,

Assalamu alaikum. Muna lafiya, gwiwa ta lafa, babanki da sauƙi, kuma ki riƙe wannan kalmar da kyau kafin ki ci gaba: da sauƙi.

Gwaggonki ce ta karanta mini takardarki don tabarauna ya ɓuya. Tana kaiwa tsakiya ta ajiye, ta dube ni ta ce, "Malam, me ka rubuta wa yarinyar nan?" Na faɗa mata. Ta tafa hannu ta ce, "Shekara saba'in kana magana, ba ka san fata biyu ce ba? A baki ana jin bambanci, a takarda wa zai ji maka?"

'Yata, fatar saniya nake nufi. Fatar durowa. Ba likitan da ya ce komai. Na so in gajarta don kunya, sai gajartar ta yanke ki. Yau zan tsawaita, ki yi haƙuri da ni.

Takardarki ta farko ta yi kwana ashirin da uku a gaban motar Direba, ƙarƙashin tsumman goge gilashi. Da na ji shiru sai na ce shiru ma amsa ce, don amsar da nake so ke nan. Na sa wuƙar fenti na ɗaye fatun nan biyar. Suna ɗayewa suna ƙara kamar suna roƙona, ban ji ba, kin san kunnen. Na yanka shuɗiyar roba na shimfiɗa, na jera ƙarafa manya da ƙanana yadda ido ke so. Na ja da baya ina yaba kaina.

Tsohuwar fatar kuwa, ai mai famfo ba ya yar da fata. Wadda ta sha mai irin wannan babu kamarta wajen tare yoyon ruwa. Na zauna da mahujina na fitar da 'yan zobba, irin waɗanda nake sawa a cikin kan famfo, na cika gwangwani. Kuma ba zan yi miki ƙarya ba, tunda ke ba ki yi mini ba. Na ga hannun. Na ɗaga fatar ƙasa na ga layin ƙuna, na ce wannan wasan yara ne. Zuciyata ta ɗan ja ni, sai na ce ai an riga an ɗaye. Na ɗora mahuji a tsakiyar tafin. Ba rashin sani ba ne, gaggawar mai son a yabe shi ce.

Robar ma ba ta rufa mini asiri ba. Rumfata kwano ce, rana ta yi mako biyu tana dafa akwatin. Ranar da takardarki ta zo na jawo durowa, sai na ga kowace sukudireba mai mariƙin roba ta manne, in ka ɗaga ta taso da zare-zare kamar cingam, ramukan sun bugu a jikinta. Garin neman gira na rasa ido.

Zobban kuwa sun riga sun shiga unguwa. Na ɗauki jaka na bi gida-gida ina kwance famfunan da ni na gyara. Mai wanki na bakin layi ya tsaya a kaina ya ce, "Baba, famfon nan fa lafiyarsa ƙalau."

Na ce, "Na sani, ajiya na zo ɗauka."

Ya ce, "A cikin famfo? Ku tsofaffin nan, banki bai ishe ku ba?"

Na sa masa na roba, ya ce in ya yi yoyo zai kawo mini wankinsa gida. Matar tela ta hana ni shiga sai da Gwaggonki ta je ta yi bayani. Na tattaro abin da na samu na baza a tire ina haɗawa kamar mai ɗinkin tsumma. Duk ruwa ya cinye su. Guda ɗaya tak, daga famfon mai wankin, na ga ɗan lanƙwasasshen layi a gefensa. Kan yatsa ne. Ina jin ƙaramin ne, wanda ya karkace.

Gwaggonki ta ce ranar wanka ba a ɓoye cibi. Da safe bayan ya karya, ni da Direba muka turo akwatin har bakin gadon. Idon babanki ya yi haske yadda ban gani ba tun da ya kwanta. Ya miƙa hannun hagu ya jawo durowar sama. Ya ga shuɗi. Ya ɗaga sukudireba, ta taso da zarenta. Ya jawo durowa ta biyu, ta uku. Da ya zo ta ƙasa sai na durƙusa na ce, "Ɗan'uwa, ni ne. Na yanka na sa a famfo." Na nuna masa zoben.

Na jira kalmata. Wallahi na fi son ya faɗe ta. Bai faɗa ba, sai kallo. Can na ji Gwaggonki ta ce, "Malam, dubi! Dubi hannun!"

Hannun dama ne. Ya taso daga cinyarsa kamar faɗin yatsa biyu, ya nufo kuncina. Marina yake so ya yi. Bai kai ba, ya faɗi a kan gwiwata. Na kai kuncin kusa na ce, "Sake gwadawa, na cancanta." Sai a lokacin ya ce, "Shashasha," hawaye na bin gefen bakinsa. Na sa masa zoben a tafin, babban yatsa da manuni suka rufe a kansa a hankali. Har yanzu yana hannunsa, ko wanka sai an lallashe shi.

Kada ki ce wannan ya wanke ni. Taswirar da kika ce hannunsa zai bi ya koma gida, na ƙone ta, shekara arba'in ba sa dawowa don hannu ya motsa. Maganarki kuwa ban karanta masa ba, kuma ba ni da bakin yi miki faɗa. Wanzami ba ya son jarfa, an daɗe da sani. Numfashin nan ɗaya da kika ji, duk wanda ya yi jinya ko ya guje ta ya san shi, masu gaskiya ne kawai ke faɗi. Abin da ban sani ba shi ne me za ki yi da shi yanzu da kaya ya dawo kanki.

Baffanki shashasha.

*

Zuwa ga Baffa,

Wa'alaikumus salam. Lafiya lau. Na yi dariya na yi kuka a kan benci har wata dattijuwa ta tambaya ko haihuwa aka yi mini ko rasuwa. Na ce mata fata ce. Ta ce wace iri? Na ce ban sani ba tukuna.

Na ji haushinka, Baffa, ba zan ɓoye ba. Na yi kwana biyu ina ganin mahujin nan a tsakiyar tafina. Amma wanda ya bi unguwa yana kwance famfon mutane ya fi wadda ta zauna wankin labule. Na yafe, kai ma ka roƙa mini.

Babban yatsa da manuni, wannan babban labari ne! Kullum safe da yamma ka ba shi noti ya ɗauka ya saka a gwangwani, sau goma, in ya gaji a bari. In haushinka ne ke ɗaga hannun, to ka riƙa zama kusa.

Shimfiɗa kuwa, wannan karon ka tambayi mai akwati. Ga takarda na haɗo, na zagaye hannuna da biro. In kun sami sabuwar fata sai ku kwafa a durowar ƙasa. Maganar hutu zan duba yadda aiki ya yi.

'Yarka, Lamba Goma.

*

Zuwa ga 'yata Lamba Goma,

Assalamu alaikum. Muna lafiya. Gwiwa ta ce za a yi ruwa jibi. Babanki ya kai noti bakwai jiya, na takwas ya jefe ni da shi, bai same ni ba amma niyyar ta isa. Gwaggonki na gaisuwa.

Na bi maganarki, na tambayi mai akwati. Na kawo masa komai a tire kamar mai talla: bargo, kwali, soso, kafet. Kowanne ya ce "a'a" tun kafin in ajiye. Sai na kira majemi ya zo da fata iri uku. Babanki ya shinshina ta farko, mai sheƙi, ya ture. Majemin ya yi dariya ya ce, "Wannan dattijo ya san abu. Jimar magani ce, tana sa ƙarfe tsatsa." Ta biyu ta yi masa siriri. Ta uku mai kauri ce, jimar ɓawon itace, ba ta da kyan gani ko kaɗan. Ya shinshina, ya ɗan taɓa da harshe, ya ce, "To."

Na ɗaye robar, na goge mariƙan da kananzir, wasu sun warke wasu za su mutu da tabonsu. Na yanka fatar, na shafe ta da mai sau uku. Sannan aka zo jeri. Ashe jerina na manya da ƙanana shirme ne. Shi abin da hannu ya fi nema ne a gaba, komai munin gani. In ɗauki sifana in ajiye, ya ce "a'a". In matsar, "a'a". In juya kanta, "to". Kwana huɗu muka yi a durowa huɗu. Ashe taswirar ba a fata kaɗai take ba, akwai kwafi a kansa. Yanzu na ɗora katako da bulo a kan ƙarafan don su fara haƙa gurbi. Majemi ya ce sai an shekara. Na ce muna da lokaci, ni da shi ba inda za mu.

Saura durowar ƙasa. Na jera manyan sifanu, ya sa na bar fili a gefen dama. Na gane. Na hura gawayi a kasko, na sa ƙusa, na ɗauko takardarki na shimfiɗa a filin. Ya dube ta ya daɗe. Ya ɗora hannun hagu a kan zanen, kamar yana gwada girma. Sai ya ture ta, ta faɗi ƙasa.

Na ɗauka na mayar, na ce, "Ɗan'uwa, hannunta ne fa, ita ta zana."

Ya ce, "A'a."

Gwaggonki ta ce, "Yaya, ko biron ne bai fito ba?"

Ya ce, "A'a." Ya jawo hannun daman nan da ƙyar, ya ɗora shi a kan fatar da babu komai, ya bubbuga da manuni sau biyu. Bakinsa ya yi ta kokawa. Sai ya ce, "Goma."

Kalma ta huɗu ke nan, 'yata. Gwaggonki ta fita da sauri wai ta bar tukunya a wuta, alhali ba ta ɗora komai ba.

Na kashe gawayin. Takardarki na ninke ta na sa a aljihu, ba zan ƙara yanke wa akwatin nan hukunci ba, na yi sau ɗaya ya ishe ni. Ba zan ce ki zo ba, kin san zumunta a ina take. Ina dai ba ki labari ne cewa durowar ƙasa a buɗe take kwana, ya hana a rufe, kowa ya shigo sai ya buge ƙafa.

Majemi ya yanko da yawa, har an sami ragowa. Akwai sauran fata. Ki karanta ta duk yadda kika ga dama, wannan karon duka biyun daidai ne.

Baffanki mai famfo.

*

Zuwa ga Baffa,

Wa'alaikumus salam. Lafiya lau. Wannan ma gajera ce, amma kada ka tsorata.

Na karɓi hutu, wata guda, kuma na ba maƙwabciyata labulen ta ajiye don kada wankinsa ya sake riƙe ni. Direba ya ce ranar Laraba zai juyo, na ce ya share mini gaban mota, in zauna a kan tsumman gilashin don kada ni ma in yi kwana ashirin da uku.

Ina jin tsoro har yanzu. Da shi zan taho.

Ka nemo alli, ka ba Baba ya riƙe da hannun dama, ko layin zai karkace. Na farkon ma a karkace yake. Kuma ka gaya masa hannun ya girma, sai ya rage sifana biyu.

'Yarka, Lamba Goma.